Addinin Barahima da addinin Buda: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Wani ƙanena ne ya jawo wannan rubutun. Muna zaune ana kallon fim ɗin Indiya, an zo wurin ɗaurin aure ango da amarya suna ta zagaya wuta, sai ya ce wai ai irin na Buda ne wannan. Na ce masa a'a, ya ce to mene ne bambancin, ba duk Indiyawa ba ne? Na buɗe baki zan yi bayani sai na ga abin ya fi ƙarfin hirar falo. Daga baya na lura ba shi kaɗai ba ne, mutane da yawa a nan duk abin da ya fito daga can gabas kuɗin goro suke yi masa. To ga tambayoyin nan na tattara su, wasu na amsa a gajarce wasu kuma na ɗan baje.

Wai mene ne ma addinin Barahima ɗin, shi ne Hindu?

Kakan Hindu ne, in dai za a faɗe shi a saukake. Shi ne addinin da aka yi a arewacin Indiya tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa wajen shekara 500 kafin haihuwarsa, kuma an gina shi ne kan abu uku: littattafan Beda, hadayar wuta, da kuma gidajen malaman da su kaɗai ke da ikon gudanar da wannan hadayar. Su waɗannan malaman ɗayansu ake ce wa Birahmin, Larabawa kuma a tsofaffin littattafansu suka kira su Barahima, wanda ya yi karatun tauhidi mai zurfi wataƙila ya taɓa cin karo da sunan a wurin da ake maganar masu musun aiko annabawa. Sunan nan na Larabawa na ɗauka don ya fi daɗin faɗa a bakinmu.

Hindun da ake yi yau ya tsiro daga wannan ne amma ya tara kaya da yawa a hanya. Manyan gidajen bauta da gumaka da son Kirishna da Shiba da Rama da kuke gani a fim duk daga baya suka yi ƙarfi. A zamanin Beda babu gidan bauta ma, fili ake sharewa a gina murhu a kunna wuta, in an gama a tashi.

Na ga ana rubuta Birahman, Birahma, Birahmin, duk abu ɗaya ne?

Uku ne daban, kuma nan mutane ke ruɗewa. Birahmin mutum ne, malamin addini na gado. Birahma sunan wani abin bauta ne, wanda suke cewa shi ya yi halitta, shi ne ake zana shi da fuska huɗu. Birahman kuwa ba mutum ba ne ba kuma gunki ba, a wurinsu shi ne hakikar da ke ƙarƙashin komai, wadda ba ta canzawa. Ku riƙe na ukun nan da kyau don a kansa aka yi rigimar da ta fi kowace zafi.

Ina addinin Barahima ya samo asali?

Daga wasu mutane makiyaya masu shanu da dawakai da keken doki, da ke kiran kansu Ariya, waɗanda suka zauna a yankin Punjab, wato arewa maso yammacin Indiya da Pakistan ta yau. Harshensu tsohon Sanskirit ne, dangin Farisanci na da. Mafi tsufan littafinsu Rigbeda, waƙoƙi ne 1028 na yabon ababen bautarsu, Indira na tsawa da yaƙi, Agni wato wuta, Baruna, Soma. Bayan shi akwai wasu uku, Sama da Yajur da Atarba, shi ya sa ake cewa Beda huɗu.

Abin da ya fi burge ni game da su shi ne hadda. Ɗaruruwan shekaru ba a rubuta waɗannan waƙoƙin ba, daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi kawai, kuma sun ƙirƙiro hanyoyin tilawa iri-iri, a karanta gaba a karanta baya a riƙa haɗa kalma bibbiyu, duk don kada harafi ɗaya ya salwanta ko sautin ya karkace. Wanda ya tashi a gidan da ake hadda zai gane irin wahalar da ake sha. A wurinsu Beda ba wani ɗan Adam ne ya tsara ta ba, jin ta aka yi, magabata masu gani suka ji ta suka miƙo.

Sannu a hankali suka yi ta gangarawa gabas zuwa tsakanin kogin Ganga da Yamuna, ƙasar Kuru da Pancala, a nan hadayar ta zama sana'a mai zaman kanta. Akwai ƙarama ta kullum, zuba madara a wuta safe da yamma. Akwai manya da ake kwanaki ana yi da malamai goma sha, kowa da nasa karatun. Babbar cikinsu ita ce ta doki, sarki zai saki ingarma ya yi ta yawo shekara guda dakaru na bin sa, duk ƙasar da ya taka ko ta miƙa wuya ko a gwabza, in shekara ta cika a dawo da shi a yanka. Kuma ba kyauta ake yi ba, ana biyan malaman da shanu da zinariya.

Shi kuma Buda wane ne, allah ne a wurinsu ko mutum?

Mutum ne, kuma Buda ma ba sunansa ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunansa Siddata Gotama, ɗan ƙabilar Sakya, an haife shi a Lumbini wadda yanzu take cikin Nepal. Tsohon lissafi ya ce ya rayu daga 563 zuwa 483 kafin miladiyya, masana da yawa na yanzu suna matso da shi, su ce ya rasu wajen shekara 400 kafin miladiyya. Ɗan gidan mulki ne, ba ɗan gidan malamai ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya.

Labarin da mabiyansa ke bayarwa shi ne ya tashi cikin gata, sai ya fita ya ga tsoho, ya ga majiyyaci, ya ga gawa, ya ga wani mai zuhudu, daga nan duniya ta fice masa a rai. Yana ɗan shekara 29 ya bar gida da mata da ɗa, ya yi shekara shida yana bin malaman daji yana horar da kansa da yunwa har ya kusa mutuwa, ya ga babu riba, ya ci abinci, ya zauna gindin wata bishiya dangin ceɗiya a wurin da yau ake kira Bodh Gaya a jihar Bihar, a nan ya ce ya gano bakin zaren. Yana da 35 lokacin. Wa'azinsa na farko a Sarnat ya yi shi kusa da Baranasi, ga mutum biyar kacal. Ya yi shekara 45 yana yawo a ƙasa yana koyarwa, ya rasu a Kushinagar yana da 80, bai naɗa magaji ba, ya ce koyarwar da dokokin su ne malaminsu bayansa.

To ashe Buda ɗan addinin Barahima ne da ya ɓalle?

Haka aka daɗe ana faɗa, amma ni ban gamsu da wannan ba. Ku dubi taswira. Cibiyar Barahima tana yamma, shi kuwa Buda a gabas ya yi rayuwarsa, ƙasar Magada da Kosala, inda a lokacin birane ke tasowa, kasuwanci na haɓaka, kuɗi sun fara yawo, kuma Barahima ba su gama kafa ƙafa a can ba. A wannan yankin akwai wata tsohuwar al'ada ta masu barin gida su shiga yawo da ƙoƙon bara suna neman mafita, ana ce musu Samana. Mahabira na addinin Jain ɗaya ne daga cikinsu kuma zamaninsu ɗaya da Buda, akwai 'yan Ajibika, akwai ma waɗanda suka ce babu komai bayan mutuwa. Cikin wannan kasuwar Buda ya buɗe tasa rumfar.

Amma fa ya san Barahima sarai, ya yi ta muhawara da su, kuma manyan almajiransa irin su Sariputta da Moggallana da Mahakassapa duk 'ya'yan gidan Barahima ne. Dabararsa ita ce ya karɓi kalmarsu ya juye abin da ke ciki ya zuba nasa. Su suna da wuta uku ta hadaya da ake so kada ta mutu, shi ya ce akwai wuta uku da ke cin mutum, kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu, kuma aikinka ka kashe su. Kalmar nibbana ma, sunan tsirar da mabiyansa ke nema, asalin ma'anarta mutuwar wuta. Har kalmar Birahmin bai bar musu ba, ya ce Birahmin na gaskiya shi ne wanda ya tsarkake halinsa ko ɗan waye. In kun gane wannan salon nasa kun gane rabin zancen.

Me suka yi tarayya a kai?

Abu uku manya. Cewa mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa a wani jikin, a yi ta juyawa babu iyaka. Cewa aikinka shi ke yanke irin haihuwar da za ka samu, wato karma. Da cewa wannan juyin ba abin murna ba ne, fita daga cikinsa shi ne babban buri. Sai dai a sani tsoffin waƙoƙin Rigbeda ba su damu da wannan ba, su roƙonsu shanu da 'ya'ya maza da tsawon rai da nasara a yaƙi. Zancen sake haihuwa ya bayyana sosai ne a littattafan ƙarshen Beda da ake kira Upanishad, waɗanda mafi tsufansu sun ɗan girmi Buda.

In duk sun yarda da karma, ina bambancin?

Asalin kalmar aiki take nufi, kuma a bakin malamin Beda aikin shi ne na hadaya, ka karanta daidai, ka zuba man shanu a wuta a lokacin da ya dace, sakamako ya biyo baya ko zuciyarka na ina. Buda ya ce abin da yake kira karma shi ne niyya. Da wannan 'yar maganar ya cire abin daga hannun malami ya danƙa wa kowa, don ba mai iya yi maka niyya a biya shi lada. Na san Musulmi na jin kalmar niyya zai ɗan gyara zama, amma kada a yi saurin haɗawa, a wurin Buda babu mai hisabi, karma tana aiki ne da kanta kamar yadda iri ke tsirowa.

Maganar ruhi fa, na ji an ce Buda ya ce babu ruhi?

Nan ne gizo ke saƙar. Malaman Upanishad sun ce cikin kowane mutum akwai wani abu da ba ya mutuwa ba ya canzawa, atman, kuma wannan atman ɗin shi ne dai Birahman, hakikar duniya baki ɗaya. Akwai wani labari mai daɗi da suke bayarwa na wani malami Uddalaka da ɗansa Shetaketu wanda ya dawo daga karatu yana ji da kansa. Uban ya ce jefa gishiri a ruwa ka dawo gobe. Da safe ya ce ɗauko mini gishirin, yaro ya laluba babu. Ya ce kurɓi ta wannan gefen, gishiri, ta tsakiya, gishiri, ta can gefen, gishiri. Ya ce to haka hakikar take, ba ka ganin ta amma tana ko'ina, kuma kai ne ita. Tsira a wurinsu shi ne ka san wannan, sani na haƙiƙa ba na baki ba.

Buda ya ce ya duba bai ga wannan abin ba. Ya ce in ka warware mutum za ka sami tari biyar, jiki, ji, ganewa, saƙe-saƙen zuci, da sani, kowanne yana canzawa kowane lokaci kuma babu wanda za ka nuna ka ce wannan ne ni. Wani malaminsu na baya, Nagasena, ya yi wa wani sarki Bagirke mai suna Milinda misali da keken dokin da ya hau ya zo. Ya ce ƙafar ce keken? A'a. Sandar ja ce? A'a. Mazaunin ne? A'a. To ina keken? Suna ne kawai da ake kiran haɗuwar waɗannan. Ya ce kai ma haka.

Sai a ce to in babu ruhi wa ake sake haihuwa? Wannan tambayar Barahima sun yi ta caccakar su da ita shekaru aru-aru, kuma gaskiya tambaya ce mai nauyi. Amsarsu misalin fitila ce, ka kunna wata daga wata, wutar ta biyu ba ita ce ta farkon ba kuma ba wata daban ba ce. Ko amsar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, su kansu mabiya Buda sun rarrabu a kan fassara ta.

Buda ya yarda da Mahalicci?

Bai yarda ba. Bai musa cewa akwai ababen bautar da Indiyawa ke kira deba ba, Indira da Birahma suna fitowa a labaran mabiyansa, amma ya mayar da su halittu masu dogon kwana waɗanda su ma za su mutu a sake haihuwarsu. Akwai wani labari da har dariya yake ba ni, wani almajiri ya hau sama yana neman amsar wata tambaya har ya kai ga Birahma, shi kuma ya yi ta jero kirarinsa, ni ne babba ni ne uban kowa, almajiri ya ce ba wannan na tambaye ka ba. A ƙarshe Birahma ya ja shi gefe ya ce kada ka kunyata ni gaban jama'ata, ban sani ba, koma wurin Buda.

Tambayoyi irin su duniya tana da farko ko ba ta da shi kuwa ƙin amsawa yake yi. Ya ce kamar wanda aka harba da kibiya mai dafi ne ya ce ba za a cire ba sai an gaya masa sunan maharbin da ƙabilarsa da irin itacen bakan, kafin a gama ya sheƙa. Shi abin da ya ce ya zo da shi huɗu ne: akwai wahala, sanadinta ƙishirwar so, tana iya ƙarewa, kuma ga hanya mai rassa takwas da suka haɗa da gyaran magana da sana'a da tunani.

Maganar fifikon haihuwa fa, shi ne ya soke ta?

A addinin Barahima mutane aji huɗu ne, malamai, sai masu mulki da yaƙi, sai manoma da 'yan kasuwa, sai masu hidima da ake kira Shudura. Akwai waƙa a kashi na goma na Rigbeda da ta ce daga jikin wani mutumin farko aka yi su, malamai daga baki, mayaƙa daga hannuwa, na uku daga cinyoyi, Shudura daga ƙafafu. Aji ukun farko ne ake rataya wa yaransu zare a kafaɗa su fara karatun Beda, Shudura ko saurara ba a so ya yi. A ƙasan waɗannan kuma akwai waɗanda ba a ma ƙidaya su ba, masu kwasar gawa da shara da jima, ko taɓa su ba a yi. Mu ma muna da sana'ar gado, maƙera da mahauta da wanzamai, har ana ɗan ja baya wajen aure, amma abin can ya wuce nan nesa don an saka shi cikin tsarki da ƙazanta na addini.

Buda ya yi wa wannan dirar mikiya. Wani saurayi Assalayana ya zo masa da cewa Barahima daga bakin Birahma suka fito, ya ce masa amma ai ana ganin matanku suna ɗaukar ciki suna haihuwa suna shayarwa kamar kowa. Ya ce a ƙasar Girkawa ma aji biyu ne kawai, ɗa da bawa, kuma ɗa na iya zama bawa bawa ya zama ɗa. Cikin jama'arsa kuwa ya ce kamar koguna ne, Ganga da Yamuna in sun shiga teku sun rasa sunansu. Upali wanzami ne na 'ya'yan sarautar Sakya, aka karɓe shi kafin iyayengijinsa, don haka dole suka riƙa gaishe shi a matsayin na gaba, kuma shi ya zama gwanin dokokin jama'ar. Mata ma ya karɓe su, farkonsu Mahapajapati wadda ta raine shi, ko da yake sai da aka yi ta roƙo kuma ya ɗora musu ƙarin sharuɗɗa.

Amma a yi adalci, bai fita ya ce a rushe tsarin a gari ba. A cikin masu rawaya, wato almajiransa masu barin gida su sa rawayar tufa, nan ne babu aji, in ka fita waje duniya na nan yadda take. Har yau a Siri Lanka, ƙasar mabiya Buda, akwai irin wannan rabe-raben.

Me ya ce game da Beda da yanka?

Bai karɓi Beda a matsayin hujja ba, kuma wannan kaɗai ya isa Barahima su sa shi a layin 'yan bidi'a. Ya tambayi wasu samarinsu ko akwai malaminsu ɗaya har kakanni bakwai da ya taɓa ganin Birahma ido da ido, suka ce babu, ya ce to jerin makafi ke nan kowa riƙe da na gabansa. Yankan dabbobi don hadaya ma ya ƙi shi, ya ce kyauta ga mabuƙata da kame kai sun fi. Da wasu almajiransa biyu 'yan gidan Barahima suka nemi a mayar da maganarsa cikin harshen Beda don kada talakawa su ɓata ta, ya hana, ya ce kowa ya koya da harshensa. Shi ya sa tsofaffin littattafansu da harshen Pali suke ba Sanskirit ba, an rubuta su a Siri Lanka a ƙarni na ɗaya kafin miladiyya.

To duk ba sa cin nama ke nan?

A'a. Mutanen Beda na farko suna yanka har da shanu, barin nama daga baya ya zo, kuma masu zuhudu irin 'yan Jain da mabiya Buda suna da hannu a ciki. Shi Buda ya yarda almajiri ya ci abin da aka zuba masa a ƙoƙo ko da nama ne, in dai bai gani ba bai ji ba bai kuma yi zaton dominsa aka yanka ba.

Sun yi faɗa da juna?

Na baki dai ba a magana. Wani masanin nahawun Sanskirit, Patanjali, da yake neman misalin abu biyu masu gaba ta har abada sai ya kawo Samana da Birahmin. Rigimar har da ta tuwo, don duk wurin sarki da attajiri ɗaya suke neman kyauta. Sarki Ashoka wanda ya hau mulki wajen 268 kafin miladiyya shi ya ɗaga addinin Buda, bayan yaƙin Kalinga da shi da kansa ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000 an kwashe 150,000 kuma ya yi nadama. Ya je Lumbini ya kafa ginshiƙi wanda yana nan har yau, ɗansa Mahinda ya kai addinin Siri Lanka. Duk da haka a rubuce-rubucensa cewa yake a girmama Barahima da Samana duka. Bayan gidansa ya faɗi wajen 185 kafin miladiyya, Pushyamitra wanda ya karɓe mulki ya dawo da hadayar doki, kuma littattafan mabiya Buda ba sa faɗin alheri a kansa.

Sun kuma ari juna sosai. Shankara, babban malamin Hindu na wajen ƙarni na 8, ya yi ta sukar mabiya Buda amma abokan hamayyarsa na cikin gida suka ce shi ma ɗan Buda ne a ɓoye. Daga ƙarshe Hindu suka yi abin da ya fi faɗa tasiri, suka ce ai Buda ma ɗaya ne daga cikin siffofin da babban abin bautarsu Bishnu ya sauko da su, na tara. Wasu littattafan har suka ƙara da cewa ya zo ne don ya ɓatar da miyagu su bar Beda.

Me ya sa addinin Buda ya kusa ɓacewa a Indiya alhali can aka haife shi?

Ba dalili ɗaya ba ne. Ƙarfinsa ya taru a manyan makarantu irin Nalanda, wadda wani malamin Buda ɗan ƙasar Sin mai suna Shuwanzang ya zo ya yi karatu a cikinta a ƙarni na 7, kuma irin waɗannan wuraren da kuɗin sarakuna da fatake suke rayuwa, in kyauta ta tsaya sun tsaya. Shi kuwa Birahmin yana cikin ƙauye, shi ne a wurin suna, shi ne a wurin aure, shi ne a wurin ƙona gawa, ba ka iya raba shi da gida. Ga kuma sabon salon bautar Bishnu da Shiba cikin waƙa da harshen talaka ya janye jama'a. Albiruni, masanin nan Musulmi da ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030 ya koyi Sanskirit ya zauna da Barahima, amma ya ce bai sami littafin mabiya Buda ko mutum ɗaya cikinsu da zai koya a wurinsa ba. Sai wajen 1200 rundunonin Turkawa ƙarƙashin Bakhtiyar Khalji suka auka wa makarantun Bihar, waɗanda suka tsira suka gudu Nepal da Tibet. Lokacin addinin ya riga ya yi rassa a Siri Lanka da Bama da Tailan da Sin da Koriya da Japan.

Yau fa, akwai sauran rigimar?

Tana nan da ranta. A ƙidayar 2011 mabiya Buda kashi 0.7 ne cikin ɗari na Indiya, Hindu kusan kashi 80, kuma yawancin wannan 'yan kaɗan ɗin sababbi ne. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya kuma shi kansa daga cikin waɗanda ba a taɓawa ya fito, ya shiga addinin Buda a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956 tare da dubun dubatar mutanensa, dalilinsa kuwa wannan maganar haihuwar ce dai, bai cika wata biyu ba ya rasu. Ƙafar keken nan mai tsinke 24 da ke tsakiyar tutar Indiya daga ginshiƙin Ashoka na Sarnat aka ɗauko ta.

Na Barahima kuma kuna ganin sa duk lokacin da ango da amarya suka zagaya wuta a fim, wutar nan Agni ce, kuma wasu baitocin da malamin ke karantawa daga Rigbeda suke, sun haura shekara 3000. A Tailan ma, ƙasar da kusan kowa ɗan Buda ne, fadar sarki na riƙe da 'yan Barahimanta da ke gudanar da naɗin sarauta da bikin fara noma. A Bodh Gaya kuwa, gindin bishiyar nan, wata doka ta 1949 ta raba kwamitin kula da wurin, huɗu Hindu huɗu mabiya Buda, shugaban gunduma na jagoranta, kuma har a 2025 masu rawaya sun zauna zaman dirshan a garin suna neman a sakar musu wurin gaba ɗaya.